Baƙin Tsuntsaye a Bakin Tabkunanmu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, na Maijirgi da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, yau bayaninmu a kan tsuntsayen bakin ruwa ne. Sunan Maijirgi yana da jirgi a ciki, amma kowa ya san ba mu da teku, ba mu da kogi mai gudu shekara duka. Teku mafi kusa da mu tana kudu, kusan kilomita 1,000 daga nan. Duk da haka, irin tsuntsayen da mutanen bakin teku suke fita kallo, waɗansunsu suna sauka a tabkunanmu kowace shekara. Muna wuce su a kan hanyar gona, mu ce "tsuntsayen ruwa ne", shi ke nan. Ya kamata mu san ko su wane ne, daga ina suke, me suke ci, da kuma abin da ya haɗa su da nomanmu.

Na gida da baƙi

Mu fara da waɗanda kowa ya sani. Shamuwa tana zuwa a ƙarshen bazara, wajen watan Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa bisa itacen cikin gari. In manomi ya gan ta, ya san lokacin gyaran iri ya yi. Bayan kaka sai ta tafi kudu, ta wuce har ƙasashen gabas da kudancin Afirka, kamar Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damanarsu take faɗawa lokacin ɗarinmu. Wato ruwan sama take bi, domin inda aka yi ruwa nan fara take. Balbela tana nan tare da shanu. Kirinjijiya tana yin ƙwai da damana cikin ciyawa kusa da ruwa. Zakaran ƙeƙuwa kuwa, mai yawan kuka, a ƙasa yake zuba ƙwansa, uku ko huɗu, masu ɗigo-ɗigo kamar tsakuwa. Duk waɗannan ƴan Afirka ne, nan aka ƙyanƙyashe su.

Baƙin su ne waɗanda ba a taɓa ganin sheƙarsu a nan ba. Ku tambayi tsoho mafi daɗewa a garinku ko ya taɓa ganin ƙwan ƙananan tsuntsayen nan masu launin ƙasa da suke gudu bisa laka a watan Oktoba. Zai ce muku a'a. Dalili kuwa, a can arewa mai nisa suke yin ƙwai, a ƙasashen Turai da Rasha, cikin watannin Mayu da Yuni da Yuli. A lokacin nan ƙanƙara ta narke, rana ba ta faɗuwa sai kaɗan, ƙwari sun cika ko'ina. Da sanyi ya fara komowa sai su taso. Na farko suna isowa tun watan Agusta, hatsi bai nuna ba. Yawancinsu sai Satumba da Oktoba. Daga ƙasar Finlan zuwa Maijirgi ya fi kilomita 5,000, kuma a tsakani akwai teku, akwai Sahara.

Kafin tsuntsu ya kama wannan hanya yana ci ƙwarai har ya tara kitse, kamar matafiyi da guzurinsa. Kitsen nan shi yake ƙonawa a sama. In ya ƙetare hamada ya sauka a tabkin farko da ya gani, ya rame, ya gaji. Tabkunan Mayahi da na Tasawa, da ruwan da yake kwanciya cikin kwarin Gulbin Kaba, suna cikin ruwan farko da yake tararwa bayan hamada.

Yadda za ku gane su

Yawancin waɗannan baƙi sunansu yakan bambanta daga gari zuwa gari, wani wurin ma suna ɗaya ake kiransu da shi duka. Saboda haka za mu siffanta su.

Akwai mai dogayen ƙafafu ja, sirara kamar tsinke, cikinsa fari, fikafikansa baƙi, bakinsa siriri miƙaƙƙe. Shi ya fi kowa shiga cikin ruwa, domin ƙafarsa ta ba shi dama. In ya tashi sama ƙafafun suna biye da shi a baya. Ba a ɓata shi da wani.

Akwai ɗan ƙarami mai launin ƙasa a baya, fari a ciki, wanda ba ya daina kaɗa wutsiya sama da ƙasa ko yana tsaye. Shi kaɗai yake yawo a gefen ruwa. In an tashe shi, ƙasa-ƙasa yake tafiya dab da ruwa yana kuka siriri.

Akwai wanda bai fi gwara girma ba, nauyinsa wajen giram 25, bai kai na ƙwan kaza ba. Su garke suke tafiya, suna caccakar laka da sauri kamar keken ɗinki. Wannan ɗan mitsitsi daga can ƙarshen arewacin Rasha da Norwe yake zuwa.

Akwai kuma wanda Faransawa suka laƙaba wa suna "mai faɗa". A nan wurinmu za ku gan shi shiru-shiru, launin toka da ƙasa, namijin ya kusa ninka macen girma. Amma in ya koma gida sai namijin ya fitar da gashi mai kauri a wuya kamar rawani, wani fari, wani ja, wani baƙi. Mazan su taru a fili ɗaya suna tsalle suna karawa, matan suna kallo suna zaɓe. Filin kokowa ke nan sosai, makaɗi kawai ya rage.

Sai wadda ta bambanta da su duka, wadda za mu kira tsattsewar ruwa. Faransawa ma tsattsewar teku suke ce wa danginta, saboda dogayen fikafikai masu tsini da wutsiya mai baki biyu. A takardun ma'aikatan gandun daji za ku ga an rubuta sterne ko guifette. Ita ba ta yawo bisa laka. A sama take kai da komo bisa ruwa, kanta a sunkuye, sai ta sauko ta tsinci ƙwaro bisa ruwan ta wuce, ba ta tsaya ba. Da ɗari fara ce da toka-toka, da ɗan baƙi a bayan ido. Akwai wani iri da in tafiyarsu ta kusa, wajen Afrilu, jikinsu yakan koma baƙi ƙirin, fikafikan su bar fari. Mutum sai ya ɗauka wata tsuntsuwa ce dabam, alhali ita ce ta sake riga. An fi ganinta a manyan ruwaye kamar tabkin Madarumfa, amma tana biyowa ta ƙananan tabkuna in suna da ruwa.

Me suke nema a cikin laka?

Ku dubi tabki bayan ruwan sama ya ɗauke. Kowace rana zafi da iska suna shanye ruwa, kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya. Kullum ruwa yana ja da baya yana barin sabuwar laka. Cikin lakar nan akwai tana, da ƙananan tsutsotsi ja, da ƴaƴan sauro, da ƙananan dodon koɗi, da irin ciyawa. Wato kullum safiya akwai sabon akushi.

Abin sha'awa shi ne ba su cika faɗa a kan abinci ba, domin kowa da tsawon bakinsa da tsawon ƙafarsa. Mai gajeren baki yana tsinta a sama. Mai dogon baki yana cusa shi cikin laka, yana jin tsutsa da tsinin bakin ko bai gan ta ba. Mai dogayen ƙafafu yana can cikin ruwa inda sauran ba su kai. Tsattsewar ruwa tana ɗauka daga sama. In tabkin ya ƙafe sai su matsa gaba, zuwa Madarumfa, ko fadamun Haɗeja da Nguru a Nijeriya, ko tabkin Cadi, waɗansu har bakin teku. A watan Maris da Afrilu su sake tara kitse su nufi arewa.

Yanzu tambayar da manomi zai yi: suna ɓarna a gona? Amsa ita ce ba su hawa zangarniyar hatsi ko dawa. Ƙafarsu da bakinsu ba na wannan aiki ba ne. Mai cin hatsi jan-baki ne da danginsa, kuma kowa ya san kamarsu. Gaskiya ne a wuraren noman shinkafa mai faɗan nan yana cin shinkafa, amma yawanci wadda ta zube ƙasa bayan girbi yake tsinta. Agwagin daji ma sukan taɓa shinkafa sabuwar shuka. Mu nan hatsi da wake da gyaɗa muke nomawa, to ba mu da ƙara a kansu. Abin da suke ci ma taimako ne. Shamuwa da balbela suna cin fara da tsutsa mai yawa a gonaki, tsattsewar ruwa ma takan bar ruwa ta bi fara bisa ciyawa. Ba mu ce tsuntsu zai hana fara in ta zo da yawa ba. Amma aikin da yake yi kullum kyauta ne, ba a sayen magani, ba a ɗaukar famfon feshi.

Labarin bakin teku

Waɗanda suka je ci-rani Kwatano ko Lome ko Ankara sun ga manyan ƴan uwan tsattsewar ruwa. Su kifi suke ci. Tsuntsuwar takan tsaya cik a sama tana kaɗa fikafikai, sai ta faɗo da ka cikin ruwa ta fito da ɗan kifi. Masunta suna duba inda suka taru, domin nan garken kifi yake. A ƙasashen Turai, lokacin zafinsu, mutane suna fita da madubin hangen nesa zuwa inda kogi ya shiga teku, su zauna su kalli yadda tsuntsayen suke kai wa ƴaƴansu kifi bisa rairayi. Ƴaƴan nan, da sun yi fikafikai, sai su biyo gaɓar teku zuwa Senegal da Gana. Da yawansu suna zama nan Afirka shekara ɗaya ko biyu kafin su koma yin ƙwai.

A cikin danginsu akwai wadda ta fi kowane tsuntsu tafiya. Tana yin ƙwai a ƙarshen arewacin duniya, ta tafi ƙarshen kudu, ta komo, kowace shekara. A 2010 masana suka bayyana abin da suka samu bayan sun ɗaura wa waɗansu ƴar na'ura a ƙafa: tafiyar ta kai wajen kilomita 70,000 a shekara. Kamar mutum ya yi hanyar Maraɗi zuwa Yamai sau 100 ke nan. Nauyinta kuwa wajen giram 100 ne, kuma tana iya rayuwa shekara 30.

A Muritaniya akwai wurin da ake kira Ban Dargen, inda teku ba ta da zurfi. An keɓe shi tun 1976. Tsuntsayen bakin ruwa wajen miliyan 2 suke cin ɗari a can. A Gana kuwa an taɓa samun matsala: yaran bakin teku suna ɗana tarko da ɗan kifi bisa rairayi suna kama tsattsewar teku, yawanci don wasa. Wani iri ya ragu ƙwarai a Turai. A 1985 aka fara aikin kiyaye su a Gana, kuma babban abin da aka yi shi ne zama da yaran makaranta ana yi musu bayani. Mun kawo wannan ne domin yaranmu ma suna da danƙo.

Yadda aka gane hanyarsu

A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu suke tafiya da sanyi ba. Har waɗansu suna cewa cikin laka suke shiga su kwanta. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa a arewacin Jamus, sai aka tarar da mashi na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar duka. Har yau tana ajiye a jami'ar garin Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Tun daga nan an sa wa miliyoyi. Zoben na ƙarfe ne marar nauyi. A jikinsa akwai lamba da sunan gari, kamar Paris ko London ko Helsinki ko Moskwa.

Ta wannan hanya da ƙidaya aka gane cewa damanarmu tana shafar su. Da ruwa ya yi ƙaranci a Sahel a 1968, shekarar da ta biyo baya Turawa suka ga waɗansu tsuntsayensu ba su komo da yawa ba. Haka aka sake gani bayan farin 1973 da na 1984. Shekarun da rumbunanmu suka zama wayam, bisashe suka mutu, su ma sun mutu, domin tabkunan ba su cika ba.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan kiyaye tabkuna da fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Nijar ta shiga a 1987. A 2019 aka sa tabkin Madarumfa cikin jerin wuraren da yarjejeniyar ta kula da su. Ana kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa cikin watan Janairu, aikin da aka fara tun 1967. Amma masu ƙidaya kaɗan ne, manyan ruwaye suke zuwa. Ƙananan tabkunan ƙauye, irin namu, wanda yake zaune kusa da su shi ya fi kowa sanin abin da ke sauka.

Aikin wanda ya iya rubutu

A nan ne ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kuke da abin yi. Ba a bukatar madubi. Kaye da alƙalami sun isa.

Ku je bakin tabki da sassafe, kafin bisashe su zo shan ruwa, ko da la'asar sakaliya. Ku sa rana a bayanku, domin in tana gabanku duk tsuntsu baƙi za ku gan shi. Ku zauna gindin itace, kada ku tsaya a fili, kada ku yi ta nuni da hannu. Bayan ɗan lokaci za su manta da ku su matso. Ku rubuta kwanan wata, da sunan tabkin, da inda ruwa ya kai. Sa'an nan ku dubi abu huɗu: tsawon ƙafa da launinta, tsawon baki, girman jiki in an gwada da kurciya, da yadda yake cin abinci. In kun san sunansa a garinku ku rubuta. In ba ku sani ba ku tambayi tsofaffi da mafarauta da makiyaya, sunayen nan ma abin ajiyewa ne.

In garken yana da yawa, kada ku ce sai kun ƙirga ɗaya-ɗaya, za su tashi ba ku gama ba. Ku ƙirga goma, ku dubi faɗin wurin da goman suka ci, sa'an nan ku auna sauran garken da ido: goma, ashirin, talatin. Sau ɗaya a mako ya isa. Ku rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka, da ranar ruwan shuka, da ranar da kuka fara ganin baƙi, da ranar da tabki ya ƙafe. Bayan shekara uku ko huɗu kayen nan zai gaya muku ko tabkinku yana saurin ƙafewa fiye da da. Wannan magana ce ta masu lambu da masu bisashe da masu yin tubali, ba ta tsuntsu kaɗai ba.

Tabki yana mutuwa ne in rairayi ya cike shi. In an sare itatuwan tudu, ruwan sama yana kwaso ƙasar gona ya zuba a ciki, zurfinsa ya ragu, ya ƙafe da wuri. Sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka fara tun wajen 1983, wato barin ƴaƴan itace su girma cikin gona, yana rage wannan. Haka jera duwatsu da haƙa rabin wata a kan gangare. Abu na biyu shi ne maganin ƙwari. Kada a wanke famfon feshi ko galan ɗin magani a tabki. Dafin yana kashe ƙwarin cikin laka da kwaɗi da kifi, kuma ruwan nan shi awakinku suke sha, cikinsa yaranku suke wanka. A wanke nesa da ruwa, a zuba cikin rami a rufe.

Game da farauta, dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 1998 ta ce sai da izini. Ban da doka ma, ɗan tsuntsu mai giram 25 ba ya cika cokali. A gaya wa yara su bar su, su kuma bar ƙwan zakaran ƙeƙuwa inda suka gan shi.

Akwai gargaɗi ɗaya mai nauyi. Tsuntsayen ruwa suna iya ɗaukar murar tsuntsaye. Cutar ta shigo Nijar a watan Fabrairu na 2006, aka fara tabbatar da ita a Magarya, kuma an yi asarar kaji da agwagi. A Janairun 2021 ta kashe ɗaruruwan kwasakwasa a gandun Juj na Senegal, a 2023 kuma ta kashe tsattsewar teku masu yawa a gaɓar Senegal da Gambiya. Cinikin kaji marasa lafiya daga kasuwa zuwa kasuwa shi ma yana yaɗa ta ƙwarai, saboda haka ba a ɗora wa na daji laifin duka. In kun ga tsuntsaye da yawa sun mutu a bakin tabki, ko suna tangaɗi ba su iya tashi, kada ku taɓa, kada ku ci, kada ku bari yara ko karnuka su ɗauko. Ku tsare kajinku da zabbinku da agwaginku a gida, ku ba su ruwan rijiya. Ku sanar da mai gari da malamin dabbobi a ranar.

In kuwa tsuntsu ɗaya ne kuka tsinta da zobe a ƙafa, zoben ba laya ba ne, ba kuma alamar wani laifi ba ce, babu wanda zai kama ku saboda shi. In tsuntsun yana da rai, ku karanta lambar ku sake shi da zobensa. In matacce ne, ku sa leda a hannu kafin ku taɓa shi, ku wanke hannu da sabulu bayan haka. Ku kwafe lambar da duk haruffan daidai yadda suke, ku sake dubawa sau biyu, domin lamba ɗaya in ta kuskure an koma kan wani tsuntsu. Ku ƙara kwanan wata, da sunan garin, da yadda kuka same shi. Mai salula ya ɗauki hoto. Ku kai wa ma'aikatan gandun daji na Tasawa ko na Mayahi, ku roƙe su su aika wa ofishin da sunansa yake jikin zoben. Masu sa zoben sukan maido amsa, su faɗi ƙasar da aka sa shi, da ranar, da yawan kilomitan da ke tsakanin can da tabkinku.